Dutsen Keziah

A tsakiyar hanya aka haƙa kabarin, daidai inda ƙafafun kekunan shanu suka yi gurbi, domin haka ake binne mutum a tafiyar ayari zuwa yammacin Amurka. Babu akwati, babu katakon yin sa. A bargon aurensu aka naɗe Lemuel Tackett, aka mayar da ƙasa, sannan madugu ya ce a bi da kekunan ta kai ɗaya bayan ɗaya, don ƙasar ta daddale kada kyarkeci ya ji wari ya tone. Matarsa Keziah, 'yar shekara ashirin, ita ce riƙe da sandar korar shanun keke na huɗu, tunda mai korar ne aka binne. Da layi ya zo kanta sai ta tsaya cak, hawaye na bin ƙurar fuskarta.

"Ke, kora mana, rana na yi," in ji yayan mijinta daga baya.

"Yaya Hosea... ta kansa zan bi?"

"To da ta ƙarƙashinsa za ki bi? Kora shanu, malama, ba ke kika fara rashi a hanyar nan ba."

Ta rufe ido, ta kira sunayen bijiman kamar yadda marigayin ke kiran su, suka ja. Ta ji lokacin da ƙafar keken ta ɗan nutse a sabuwar ƙasa ta fito, kuma har ta tsufa ba ta daina jin wannan nutsewar a ƙirjinta ba. Wannan ya faru a gaba da kogin Green, a shekarar 1852. Mai waccan magana mara daɗi kuwa kakana ne, Hosea Tackett. Na faɗa muku tun yanzu don ku san daga gidan masu laifi labarin ya fito, kuma mai ba ku shi ma hannunta ba fari ba ne.

Da suka yi zango da yamma, Hosea ya fito da babban Littafi Mai Tsarki na gidansu, wanda tun daga kakannin kakanni ake rubuta haihuwa da aure da mutuwa a shafukansa na farko, ya rubuta rasuwar ƙaninsa. Keziah tana kallo, amma ba ta iya karatu ba. Wanda sunansa ya shiga Littafin nan ɗan gida ne, wanda bai shiga ba kuwa ko kama ta kashe shi bare ne.

Abin da Lemuel ya bar mata bai taka kara ya karya ba a idon mutane: bijimai huɗu da suka rame, da akwatuna biyu cike da ƙasa, a cikinsu dashen tuffa guda arba'in masu aure, waɗanda ya ɗauko tun daga Missouri. Tun ranar tashi Hosea ke masa dariya, wai mutane na loda gari da naman alade, shi yana loda tsinke. Bayan rasuwarsa Keziah ta ɗauki wahalar tsinken nan a kanta. A wuraren da ake auna wa mutum ruwa da kofi, takan jiƙa maƙogwaro da kurɓi biyu ta zuba wa dashen sauran, leɓɓanta na tsagewa. Da bijiminta ɗaya ya faɗi ya mutu, wani dattijo a ayarin mai suna Obadiah Gault ya ara mata nasa na mako uku, don Allah kawai. A mararrabar hanya shi da yawancin ayarin suka karkata California neman zinariya, aka bar kekunan gidan Tackett su kaɗai suka nufi Oregon. Duk wanda ya ga jana'izar Lemuel ya tafi, in ban da Hosea da matarsa da tsohuwarsu Inna Jerusha.

Sun iso kwarin Yamhill a watan Oktoba cikin ruwan sama, dashe talatin da ɗaya na da rai, Keziah kuma da ciki. A nan ne Hosea ya ji fatake na cewa a ramukan zinariya tuffa ɗaya ta fi kaza tsada. Tsinken jiya ya koma dukiya, kuma dukiyar ta abin da ke cikin Keziah ce. A ƙarshen watan Maris ta haifi 'ya mace, ta sa mata Zilpha, da haɓar ubanta sak.

Ranar Lahadi ta uku da haihuwa, bayan an tashi daga majami'a, ta kawo jaririyar gidan Hosea don a sa sunanta a Littafi. Fasto na nan, maƙwabta sun cika ɗakin. Hosea ya buɗe Littafin, ya tura shi gaban Fasto kamar mai jin nauyi ya ce, "Ni bakina ba zai iya ba. Karanta musu ranar da ƙanina ya rasu."

Fasto ya gyara tabarau ya karanta: "Biyu ga Yuni."

Sai ga matan kwarin suna lanƙwasa yatsu a ƙarƙashin mayafi, Yuni, Yuli, Agusta... har suka kai goma. Wata ta ja 'yarta ta matsar da ita daga kusa da Keziah.

"Wata goma," in ji Hosea. "Ni dai ban taɓa jin gawa ta yi ciki ba. Amma na san wani dattijo mai aron bijimi, kuma ban ga abin da aka biya shi ba."

Keziah ta duba hagu ta duba dama, ba ta ma gane zancen ba sai da ta ga idanun mutane. Ta durƙusa da jaririyar a hannu. "Yaya, ka ji tsoron Allah. A Yuli ne, ƙarshen Yuli, bayan mun haye duwatsu. Inna, ke kika rufe masa ido... ki gaya musu, don Allah ki gaya musu."

Inna Jerusha ta kalli ɗanta, wanda a tukunyarsa take ci, ta sunkuyar da kai. "Ni tsohuwa ce, 'yar nan. Kwanaki sun ruɗe mini a hanya."

"Ya rubuta a dutse!" in ji Keziah cikin kuka. "A Dutsen 'Yanci, bakin kogin Sweetwater. Ina riƙe masa ƙarfe yana bugawa da guduma. Sunansa da nawa da ranar, har ya zana 'yar tuffa a ƙasansu. Ya ce mini biyar ga Yuli ce. Wanda ya mutu a Yuni zai sassaƙa dutse a Yuli?"

"To madalla," in ji Hosea. "Je ki ɗauko mana dutsen."

Aka kwashe da dariya, domin dutsen na can baya, tafiyar wata uku a keken shanu, kuma girmansa ya kai unguwa guda. Daga ranar maganar ta shiga bakin mutanen kwarin. In yaro ya shara ƙarya sai a ce masa, "Dutsen Keziah ke nan." In mutum ya yi alkawarin da ba zai cika ba, a ce ya rubuta a dutse. Ni kaina na tashi ina faɗa, ban san kuka ne asalinta ba.

A ranar aka kore ta, da ƙunshin kayanta da 'yarta, dashen ya koma hannun Hosea. Da ta biyo ta gefen dashen sai ta yanki reshe ɗaya tsawon yatsa, ta soka shi cikin dankali don kada ya bushe, kamar yadda ta ga mijinta na yi. Wani mai fito a bakin kogi ya bar mata bukkar da yake ajiye igiyoyi. A bayan bukkar ta sami tuffar daji mai tsami, ta aurar mata da reshen, ya kama.

Wahalar da ta biyo baya ba ta faɗuwa a zama ɗaya. Wanki take wa masu fito da masu saran katako, hannuwanta suka faffashe da ruwan sanyi. A majami'a bencin baya ne nasu, ba mai zama kusa. Zilpha ta tashi yara na kiran ta 'yar Gault, ko 'yar wata goma, kuma malamin makaranta ya ƙi rubuta ta da sunan Tackett don kada ya ɓata da Hosea, wanda ya ba da filin makarantar. Duk ayarin da ya iso sai Keziah ta je zango tana bin keke-keke tana tambaya ko wani ya ga suna a jikin dutsen da 'yar tuffa a ƙasansa, ta arewa, kusa da wata tsaga. Su ce, "Baiwar Allah, sunaye dubu nawa ne a dutsen nan? Mu ta ruwa muke yi." Da Inna Jerusha ta kwanta ciwon ajali ta yi ta kiran sunan Keziah kwana biyu, Hosea ya zauna a bakin ƙofa ya ce zafin ciwo ne. Da Zilpha ta kai ashirin wani maƙeri mai hankali ya nemi aurenta, uwarsa ta je ta ga Littafin da idonta, maganar ta mutu. Zilpha ba ta sake sauraron kowa ba, ta zauna tana ɗinki kusa da uwarta. Kullum addu'ar Keziah ɗaya ce: "Ya Ubangiji, ban roƙe ka gona ba, ban roƙe ka a ba ni haƙuri ba. Sunan yarinyar nan kawai."

Shi kuwa kakana ya zama babban mutum. Gonarsa ta tuffa ta cika tudu guda, ya gina gida mai bene, shi ke zama a gaba a taron tsofaffin ayari da ake yi kowace shekara bayan girbi, da jan ƙyallen girmamawa na 'yan 1852 a ƙirji. Sai dai tun ina yarinya bishiyoyin suka fara wani ciwo, su yi fure fari fat kamar abin arziki, 'ya'yan su zube tun suna ƙanana. Tsofaffi kan ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma ba wanda ya taɓa faɗar haka a gabansa.

Yanzu ga nawa laifin. Sunana Lavina. Ina 'yar shekara tara na taɓa bin Zilpha a hanyar kogi tare da ƙawayena muna waƙar 'yar wata goma. Ta juyo, na zaci duka za ta kai mini, sai ta ciro tuffa daga kwandonta ta miƙo mini ta ce, "Ungo, 'yar ƙanina. Ta gidanku ce, ki ci." Na karɓa na jefa a kogi don ƙawayena su yi dariya. Wannan ƙuruciya ce, a ce an yafe. Na biyun ba ƙuruciya ba ce.

Ina da shekara ashirin da ɗaya, ina koyarwa, ƙungiyar tsofaffin ayari ta ce kowane gida ya rubuto salsalarsa don a haɗa littafi. Kaka ya ba ni aikin yana tsokanata: "Ke mai dogon hanci, ga abin da ya dace da ke. Tono mana kakanni, amma kada ki tono mana ɓarawon doki." Wata rana da la'asar ina kwafe shafin mutuwa a bakin taga, na ɗaga takardar zan juya, rana ta bi ta cikinta. A layin Lemuel akwai wurare biyu da takardar ta yi sirara, an kankare da bakin wuƙa. Ɗaya a gaban lambar biyu, inda wata biyun ta taɓa zama. Ɗaya a wutsiyar sunan watan. Ashirin da biyu ga Yuli aka mayar biyu ga Yuni. Ɗan kankaren da bai kai ƙwayar wake ba, shi ya cinye rayuwar mutum biyu.

Na gani, na gane, na rufe Littafin. Na ce sai na yi tunani, na ce tsoho ne kada in kashe shi, na ce bari a wuce Kirsimeti. Gaskiyar ita ce tsoro na ji, kuma ina son gidan benen. A watan Fabrairu sanyi ya kama ƙirjin Zilpha, kwana shida ta rasu tana da shekara arba'in da huɗu. Maƙabartar da ke kan tudu ma filin Hosea ce, ya aika cewa ba za a sa sunan gidansa a kan kabarin ba. Keziah ta sa magini ya sassaƙa ZILPHA kawai a kan dutsen kabarin, ta ce ya bar fili a gaba. Ya ce dutsen zai yi kama da wanda ba a gama ba. Ta ce, "Ai ba a gama ba."

Da na ga filin nan a kan dutsen, na ƙudura sai na fito da gaskiya. Kankare kaɗai ba zai ishe ni hujja ba, don Kaka zai ce kuskure ya gyara. Da aka yi hutun makaranta na ce zan je Missouri neman dangi, amma da na hau jirgin ƙasa sai na sauka a garin Rawlins, na bi keken wasiƙu kwana biyu zuwa Dutsen 'Yanci. Tafiyar da ta gagari Keziah shekara arba'in da biyar, ni kwana biyar ta ɗauke ni. Na yi yini biyu ina zaga dutsen ina karanta sunayen mutanen da suka shuɗe. A rana ta biyu, ta arewa, kusa da wata tsaga, na share gansakuka da hannu sai ga 'yar tuffa. A samanta: L. TACKETT DA MATARSA K., 5 GA YULI 1852. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi a jana'izar ba. Daga baya na shimfiɗa farar takarda a kai na goga gawayi har rubutun ya fito, wani makiyayi da matarsa suka sa hannu cewa a gabansu aka yi.

Ranar taron tsofaffin ayari an cika a ƙarƙashin itatuwa, an ci an sha, aka kira ni in karanta salsalar gidan Tackett. Keziah na can baya wajen tukwane, don wanke-wanke aka ɗauke ta. Na karanta tun daga kakan da ya haye teku, har na iso kan Lemuel. Sai na warware takardar gawayin na ɗaga, na kuma ɗaga shafin Littafin a rana don na gaba su ga kankaren.

"Kaka," na ce, "ka ce a je a ɗauko dutsen. Ga shi na ɗauko."

Ya miƙe yana dogara sanda. "Yarinyar nan ta haukace. Lavina, ni za ki tona? Da abincina kika girma."

"Da abincin Goggo Zilpha na girma, Kaka. Dukanmu da shi muka girma."

Wata tsohuwa daga cikin matan da suka lanƙwasa yatsu a wancan ɗakin ta sake lanƙwasa su a gaban kowa, daga Yuli, ta tsaya a tara, sai ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka. Shugaban taron ya tako ya cire jan ƙyallen daga ƙirjin Hosea. Aka buɗa hanya, aka kamo hannun Keziah da kumfar sabulu a jikinsa aka kawo ta gaba. Ba ta kalli kowa ba. Ta sa yatsa a kan 'yar tuffar, ta ce a hankali, "Ga ta... na ce masa ta yi kama da albasa, ya yi ta dariya."

Hosea ya zube a kan benci. "Keziah," in ji shi, "sharrin zuciya ne. Ki yafe mini."

"Nawa na bar wa Allah tun tuni, Yaya. Amma wadda za ka roƙa tana can kan tudu, kuma ba ta ji."

Kafin sati ya zagayo ɓarin jikinsa na dama ya shanye, har da hannun da ya riƙe wuƙar, bakinsa ya karkace. Shekara biyu ya yi a ɗakin bene yana kallon gonarsa ta taga ana sare matattun bishiyoyi, kuma waɗanda a da ke cire masa hula ba wanda ya hau matakala ya gaishe shi. Mahaifina da 'yan'uwansa suka mayar wa Keziah rabin tudun. Da aka tashi sabon dashe aka duba kwarin kaf, ba a sami irin tuffar Lemuel mai lafiya ba sai bishiya ɗaya, ta bayan bukkar mai fito. Daga jikinta aka yanki duk rassan da aka aurar, kuma har yau tuffar Keziah ake kiran irin. Maganar dutse ma ta juya: yanzu a kwarinmu in aka ce abu dutsen Keziah ne, ana nufin gaskiyar da ba ta goguwa.

Da hannuna na rubuta Zilpha a Littafi, a ƙarƙashin sunan ubanta, haihuwa da mutuwa a zama ɗaya. Sannan muka hau tudu da magini ya cike filin da aka bari. Da ya gama ya share ƙurar, Keziah ta durƙusa ta bi haruffan da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ba ta iya karatu ba har lokacin, amma waɗannan bakwai ta san su, don ita ta riƙe ƙarfen da aka fara sassaƙa su.

A nan na gaya mata abin da ban gaya wa taro ba, cewa na ga kankaren tun watan Oktoba, Zilpha na da rai, na yi shiru. Na so ta zage ni. Ta kalli kabarin ta ce, "Wata huɗu... Da ta ji da kunnenta, ko sau ɗaya." Ta miƙo mini hannu na tashe ta, muka gangaro tare, kuma a gidana ta yi shekara shidan da suka rage mata, ana girmama ta kamar uwar gari.

Yau na haura tamanin. Duk mai neman salsalar gidan Tackett wurina ake turo shi, in buɗe masa Littafin, ya ga reshen Lemuel ya tsaya a kan suna ɗaya, ba miji ba ɗa. Sukan tambaye ni me ya sa tawadar layin ta bambanta da sauran. Nakan ce an makara ne wajen rubutawa: shekara arba'in da huɗu laifin kakana, wata huɗu nawa. Allah ya ji ƙan Keziah da 'yarta Zilpha Tackett.